Kwatance a Cikin Ƙoƙon Kai: Daga Kabarin Abalessa Zuwa Hoton Ƙwaƙwalwa

Idan mutum ya bar Agadas ya nufi arewa, ya wuce Arlit da Assamaka, ya tsallaka iyakar Aljeriya a In Gezzam, babban garin da zai tarar a gabansa shi ne Tamanrasset, inda ba a rasa mai jin Hausa a kasuwa. Kimanin kilomita 80 yamma da nan akwai wani ƙaramin gari mai suna Abalessa. A kan wani tudu da ke kallon kwarin garin, akwai tsohon gini na duwatsu mai ɗakuna 11. Buzayen Ahaggar sun daɗe suna cewa a nan aka binne Tin Hinan, matar da ta zo daga Tafilalt ta ƙasar Maroko tare da baiwarta Takamat, wadda manyan gidajensu na Kel Rela suke ɗauka a matsayin kakarsu.

A ƙarshen shekarar 1925 wani ayari na Turawa ya iso wurin a cikin motocin Renault masu ƙafa shida. Akwai Bafaranshe Maurice Reygasse, masanin kufai, akwai kuma wani ɗan Amurka mai son a san da shi, Byron Khun de Prorok, wanda ya laƙaba wa kansa sarauta irin ta Turawa. Suka ɗaga faifan duwatsun da ke ƙasan ɗaya daga cikin ɗakunan, suka tarar da kwarangwal kwance rigingine a kan ragowar gadon itace, kai yana wajen gabas. A hannun dama akwai mundaye bakwai na azurfa, a hagu bakwai na zinariya. Akwai duwatsun wuya, akwai kuma ɗan faifan zinariya mai ɗauke da tambarin kuɗin Sarkin Rum Kwanstantin, irin wanda aka buga tsakanin shekarar 308 da 324.

Mai karatu zai ce, to me ya haɗa wannan da hoton ƙwaƙwalwa na asibiti? Abin da ya haɗa su shi ne tambaya guda: idan ka tarar da abu babu suna rubuce a jikinsa, ta yaya za ka gane ko mene ne? A kabarin nan ba a samu rubutun da ya ce wance ce ba. Duk abin da aka sani game da mai kabarin, daga mazaunin abubuwa aka karanto shi: me ke dama, me ke hagu, me ke ƙarƙashin me, me aka ajiye kusa da kai. Faifan zinariyar nan, da a kasuwa aka tsince shi, ba abin da zai gaya mana. Da yake tare da gawar aka rufe shi, sai ya zama shaida cewa ba a yi jana'izar kafin zamanin Kwanstantin ba. Haka ma da Marie-Claude Chamla ta sake nazarin ƙasusuwan a 1968, abin da ta duba shi ne yadda ƙasusuwan gadon baya na ƙasa suka karkace a kan junansu, ta ce mai wannan jiki da ɗingishi take tafiya. Nan masana suka tuna cewa Ibn Khaldun ya ambaci wata Tiski gurguwa a cikin kakannin Hawwara. Ko ita ce ko ba ita ba ce, ana nan ana muhawara.

Inda gizo ke saƙar shi ne, an yi haƙar 1925 cikin gaggawa, kuma Prorok ya kwashi kayan ya ƙetare teku da su kafin a matsa masa ya mayar. Yau suna gidan tarihi na Bardo a birnin Aljes. Zinariyar ba ta ɓace ba, amma da yawa daga cikin bayanin inda kowane abu yake kwance ya tafi, kuma masanan da suka biyo baya, irin su Gabriel Camps, sun sha wahalar harhaɗa shi daga rahotanni masu karo da juna. Ni a ganina wannan ita ce babbar asarar da aka yi a Abalessa, domin munduwa ana iya auna ta ko bayan shekara ɗari, amma mazauninta sau ɗaya tak ake ganinsa.

A cikin wannan shekarar ta 1925, can a San Faransisko ta Amurka, wani likitan tiyata mai suna Howard Naffziger ya wallafa wata gajeriyar maƙala da ta yi akasin abin da Prorok ya yi. Shi bai damu da abin ba, mazauninsa kawai ya duba. Amma kafin in kai ga Naffziger, sai na ɗan koma baya, don a ga irin matsalar da yake ƙoƙarin warwarewa.

Duk wanda ya taɓa fasa kan rago ranar Sallah ya san yadda ƙwaƙwalwa take: abu ne mai taushi, fari-fari da ruwan toka, ko'ina kamar ko'ina. Zuciya tana da siffarta, hanta da ƙoda ma haka, ko yaro zai bambance su a faifan mahauci. Ƙwaƙwalwa kuwa sassanta sun cuɗe da juna, ba katanga a tsakani. Abu ɗaya da ke fitowa fili idan aka yanka ta shi ne wasu koguna masu ruwa a tsakiyarta: biyu manya, ɗaya a ɓarin dama ɗaya a hagu, sai na uku siriri a daidai tsakiya, sai na huɗu can ƙasa wajen ƙeya. Jalinus, likitan Girka da ya yi aiki a Rum a ƙarni na 2, ya shawarci ɗalibansa su sayi ƙwaƙwalwar sa a wurin mahauta su nemi waɗannan koguna. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya kira su cikkunan ƙwaƙwalwa, ya kasa su na gaba da na tsakiya da na baya, ya ce a na gaba ake tara abin da ido da kunne suka kawo, a na tsakiya ake tunani, a na baya ake ajiyar abin da aka haddace. Wannan rabon aiki bai tsaya ba da aka zurfafa bincike, domin ruwa ne kawai a cikin kogunan. Amma a lura da yadda ya ba su suna: gaba, tsakiya, baya. Tun daga nan, ilimin ƙwaƙwalwa ilimin kwatance ne.

Mu Hausawa bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Kalmominmu na kwatance daga jikin mutum muka aro su. Muna cewa bakin kogi, gindin bishiya, bayan gari, cikin gida, kan tudu, har goshin azahar. Mun ɗauki jiki mun auna duniya da shi. Su kuma likitoci sai suka juya abin, suka ɗauki kwatance suka shiga cikin jiki da shi.

A 1895 Wilhelm Röntgen ya gano hasken da ke ratsa tsoka ya nuna ƙashi, a garin Würzburg na Jamus. Cikin 'yan watanni aka fara ganin karaya da harsashi a jikin mai rai ba tare da an tsaga shi ba. Sai dai da aka haska kai, ƙoƙon kawai ya fito. Ƙwaƙwalwa da ruwan da take ciki da ƙarin da ya tsiro a cikinta, duk kusan nauyinsu ɗaya a wurin wannan haske, don haka hoton ya zama kamar an ɗauki hoton tukunya a rufe. Likita yana ganin majinyaci na fama da ciwon kai da amai da dushewar gani, ya san akwai abin da ke girma a ciki, amma a wane ɓari zai buɗe? Idan ya buɗe dama alhali ƙarin yana hagu, ya jawo wa mutum wahalar banza, wataƙila ma ajali.

A tsakiyar ƙwaƙwalwa, daidai kan layin da ya raba dama da hagu, akwai wani ɗan ƙulli mai suna finiyal, bai fi ƙwayar shinkafa da yawa ba. Yayin da mutum ke manyanta, wannan ƙulli kan tara wani abu mai tauri irin na ƙashi, har ya riƙa fitowa a hoto kamar ɗigon fari. Arthur Schüller na Biyana ya riga ya lura cewa ƙari na iya ture shi gefe. Naffziger ne ya mayar da wannan lura ta zama hanyar aiki: a ɗauki hoton kai daga gaba, a auna nisan ɗigon daga bangon dama da na hagu. Idan ɗigon ya gusa zuwa hagu, to akwai abin da ke tura shi daga dama. Ba a ga ƙarin ba, ba a ga ƙwaƙwalwar ba, maƙwabci kawai aka gani ya bar gurbinsa, kuma wannan ya isa a san inda za a sa wuƙa.

Wannan ɗigo ya kan tuna mini da bishiyar Tenere, ƙayar nan guda ɗaya da ta tsaya a hamadar gabas da Agadas, wadda ayarin gishirin Bilma suka daɗe suna kwatance da ita. Madugu bai ga ruwan da ke ƙarƙashin rairayi ba, amma ya san inda bishiyar take nan rijiya take. Mota ta buge ta a 1973, aka kai gangar jikinta gidan tarihi na Yamai. Alama guda ɗaya tana da wannan rauni: ranar da babu ita, babu kwatance.

Haka kuwa aka yi a ƙasarmu. A 1972 likitoci biyu a Legas, Daramola da Olowu, suka wallafa binciken da suka yi a kan ɗaruruwan hotunan kai na 'yan Nijeriya, suka tarar cewa ɗigon finiyal ba ya fitowa ko a hoto ɗaya cikin goma, alhali littattafan da aka koyar da su, waɗanda aka rubuta a Turai da Amurka, suna nuna cewa abu ne da ake yawan gani ga manya. Adelola Adeloye, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa na Ibadan wanda ya yi aiki tare da Latunde Odeku, shi ma ya bi diddigin batun, har ya haɗa kai da Benjamin Felson a 1974 suka gwada hotunan baƙaƙe da fararen Amurka. Ma'anar wannan ga likitan da ke aiki a Legas ko Zariya a wancan lokaci ita ce, hanyar da ta fi kowacce sauƙi da araha ta gano ɓarin da cuta take, ba ta yi masa aiki ga mafi yawan majinyatansa. Daga baya da na'urori masu kaifin gani suka zo, an ga taurin yana nan a kawunan 'yan Afirka fiye da yadda tsohon hoto ya nuna. Wani bincike a Addis Ababa ya same shi ga sama da kashi biyu bisa uku na waɗanda aka duba. Amma darasin farko bai goge ba. An zana taswira da kawunan wasu mutane, aka miƙa wa wasu su yi tafiya da ita.

Inda ɗigon bai fito ba, sai a koma ga hanya mai zafi. A 1918 Walter Dandy na asibitin Johns Hopkins a Baltimo ya fara zuƙe ruwan kogunan ƙwaƙwalwa yana ɗura iska a madadinsa. Iska tana fitowa baƙi ƙirin a hoto, don haka kogunan Jalinus da Ibn Sina suka bayyana a kan mai rai karo na farko. Idan kogon dama ya matse, ko na tsakiya ya lanƙwashe zuwa gefe, an san inda ƙarin yake da kimanin girmansa. A shekarar da ta biyo baya ya nuna ana iya ɗura iskar ta gadon baya. Majinyata sun ɗanɗana kuɗarsu da wannan gwaji: ana ɗaure mutum a kujera mai juyawa, ana wuntsila shi don iskar ta zagaya, ya kwana biyu ko uku yana ciwon kai da amai. An yi fiye da shekara hamsin ana yin haka, saboda babu abin da ya fi shi. A 1927 Egas Moniz na Lizbon ya ƙaro wata hanyar, ta ɗura ruwan da ke fitowa a hoto cikin jijiyar wuya, a ga ko jijiyoyin jini sun kauce daga hanyarsu. Duk dabara ɗaya ce. Ba a ganin ɓarawon, sawunsa ake bi a jikin maƙwabta.

Gano ɓarin da ƙari yake abu ɗaya ne. Kai allura zuwa wani ɗan gurbi mai girman wake a can cikin ƙwaƙwalwa, ba tare da an gan shi ba, wani abu ne daban. Victor Horsley da Robert Clarke sun ƙera wani ƙarfe a Landan a 1908 da ake ɗaura wa biri a kai, ana auna komai daga ramin kunne da ƙasan gurbin ido. Ga mutum abin bai yi ba, domin kawunanmu sun bambanta ƙwarai. Wani dogo, wani mai faɗi, kuma ƙwaƙwalwa ba ta zama a ƙoƙo iri ɗaya ga kowa. A 1947 Ernest Spiegel da Henry Wycis a Filadelfiya suka ce a daina aunawa daga ƙashi, a auna daga alamomin da ke cikin ƙwaƙwalwar kanta.

Wanda ya fi burge ni a wannan zango shi ne Jean Talairach na asibitin Sainte-Anne a Faris. Lokacin da Jamusawa suka mamaye birnin a yaƙin duniya na biyu, shi da abokinsa René Suttel sun riƙa sauka cikin tsofaffin ramukan haƙar dutse da ke ƙarƙashin Faris da dare, suna zana taswirarsu don amfanin masu gwagwarmayar ƙwatar ƙasa. Mutumin da ya koyi neman hanya a cikin duhu da ƙirgen taku da kwana, shi ne ya zo ya zana wa ƙwaƙwalwa taswira. Ya zaɓi wasu ƙananan igiyoyi biyu da ke haɗa ɓarin dama da na hagu, ɗaya a gaban kogon tsakiya, ɗaya a bayansa, tsakaninsu kimanin santimita biyu da rabi ne ga yawancin mutane, kuma ana ganin gurbinsu a hoton iska. Ya ja layi tsakaninsu ya ce daga nan za a fara duk wani awo. Sannan ya yi abin da ya fi wannan hikima: maimakon ya ce gurbi kaza yana milimita kaza daga layin, sai ya kasa ƙwaƙwalwa gida-gida, ya ce gurbin yana gida na kaza. Mai babban kai gidajensa manya ne, mai ƙaramin kai nasa ƙanana, amma tsarin unguwar ɗaya ne. Kundin taswirarsa na 1988, wanda ya yi tare da Pierre Tournoux, ya zama abin da masu bincike a duk duniya suke kafa hujja da shi shekara da shekaru. Kuma daga ƙwaƙwalwar mutum ɗaya aka zana shi, wata Bafaranshiya mai shekara 60. Ga Abalessa da matarta guda da aka ɗora wa asalin al'umma, ga Faris da tata da aka ɗora wa kawunan duniya.

Ranar 1 ga Oktoba 1971, a asibitin Atkinson Morley da ke Wimbildon a Landan, aka sa kan wata mata a cikin na'urar da injiniya Godfrey Hounsfield na kamfanin EMI ya ƙera. Hoton da ya fito ɗigo 80 ne a tsaye 80 a kwance, dishi-dishi, amma likita James Ambrose ya ga cutar da idonsa a gaban ƙwaƙwalwar. Wannan ita ce na'urar CT. Hounsfield ya raba kyautar Nobel ta 1979 da Allan Cormack, haifaffen Afirka ta Kudu. Nijeriya ta samu tata ta farko a asibitin koyarwa na Ibadan a 1987. Na'urar MRI, wadda ke aiki da maganaɗisu, ta biyo baya daga aikin Paul Lauterbur da Peter Mansfield a shekarun 1970, ita kuma ta fi nuna bambancin farin sashe da mai ruwan toka.

Mutum zai zaci da aka fara ganin ƙwaƙwalwa ƙuru-ƙuru, kwatance ya ƙare. Bai ƙare ba. A yau idan aka kawo ɗan acaɓa da ya faɗi da ka zuwa asibitin Malam Aminu Kano, ko cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa ta asibitin koyarwa na Sakkwato, aka yi masa hoton CT, cikin abubuwan farko da likita zai duba akwai layin tsakiya. Idan jinin da ya taru ƙarƙashin ƙoƙo ya ture layin fiye da milimita 5, ƙa'idar da likitocin tiyata ke bi ita ce a buɗe a kwashe jinin, ko da mutumin yana magana. Awon Naffziger ne, na'ura ce kawai ta sauya. Milimita 5 bai kai faɗin ƙwayar masara ba, amma a kansa ake yanke shawarar ko a shiga ɗakin tiyata cikin dare ko a jira gari ya waye. Wani abin lura kuma: a al'adar likitocin hoto, damar majinyaci tana hagun hoton, kamar kana fuskantar mutum. Ɓarin biyu sun yi kama ƙwarai, har masu bincike kan manna ƙwayar maganin bitamin E a gefe ɗaya na kan mutum kafin ya shiga MRI, don ta fito fari ta raba gardama.

Da kwamfuta ta shigo aikin, sai tsohuwar matsalar kan rago ta dawo sabuwa fil. Hoton MRI na kai guda yakan ƙunshi ɗigo sama da miliyan 16, kowanne lamba ce kawai da ke nuna haske ko duhu. A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu dunƙule-dunƙule masu ruwan toka da likitoci ke son a auna girmansu: talamus, da wanda ake kira mai wutsiya saboda siffarsa, da futamen, da hifokamfus wanda ke ƙanƙancewa a ciwon mantuwa na tsufa da wani nau'in farfaɗiya, da amigdala. Launinsu kusan ɗaya ne, kuma a wasu wurare iyakarsu ba ta fita. Idan ka ce wa kwamfuta ta ware su da launi, za ta haɗe su ta kwaɓa. Ƙwararren likita kuwa ba ya ruɗewa, don ba launi yake bi ba. Ya san mai wutsiya yana jingine da bangon waje na babban kogo. Ya san talamus biyu suna dama da hagun kogon tsakiya, kamar gidaje biyu da lungu ya raba. Ya san futamen yana waje da su wajen kunne, da farin zirin jijiyoyi a tsakani, kuma amigdala tana gaba da ɗan sama da hifokamfus.

To ta yaya ake koya wa na'ura kalmar kusa? Hanya biyu aka bi. A 2002 Bruce Fischl da abokan aikinsa a Boston suka fitar da tsarin da ke cikin manhajar FreeSurfer: likitoci suka zana iyakokin sassa da hannu a hotuna da dama, kwamfuta ta ƙirga sau nawa wane sashe ke gaban wane, ko samansa, ko gefensa, ta riƙa amfani da wannan ƙirge a sabon hoto. Hanya ta biyu ita ce ta Isabelle Bloch da abokan aikinta a makarantar injiniyoyin sadarwa ta Faris, cikinsu har da Olivier Colliot da Jamal Atif. Su sai suka ɗauki jimlolin littafin ilimin sassan jiki kai tsaye suka mayar da su lissafi, ta amfani da dabarar da Lotfi Zadeh ya ƙirƙiro a 1965, wadda ta yarda cewa magana tana iya zama gaskiya da rabi ko da kashi uku cikin huɗu.

Wannan ta biyun ta fi kwanta mini, domin ita ce yadda muke kwatance a garuruwanmu, inda lambar gida ba ta da wani tasiri. Idan Bakano ya ce maka gidan yana bayan masallacin Juma'a, can gaba kaɗan da mai shayi, daura da famfo, bai ba ka mita ko ɗaya ba. Bayan masallaci fili ne mai faɗi. Wani wurin bayan ne sosai, wani bayan ne sama-sama, wani ya fara zama gefe. Gaba kaɗan ma haka. Amma idan ka ɗora ukun a kan juna, inda suka haɗu bai fi gida biyu ko uku ba. Haka tsarin Bloch yake aiki. Ana farawa da abin da ba ya ɓuya, wato kogunan ruwa, su ne masallacin Juma'ar ƙwaƙwalwa. Daga jikin babban kogo sai kwamfuta ta shafa wa kowane ɗigo maki: nawa ne kusancinsa da kogon, nawa ne kasancewarsa ta waje da shi. Inda makin ya yi yawa, nan za ta nemi mai wutsiya, kuma idan iyakar da take ja ta fara zarcewa zuwa inda kwatance bai yarda ba, sai a ja ta baya. Da an samu mai wutsiya, shi ma ya zama alama, a nemi na gaba da shi. Matambayi ba ya ɓata, in dai ya fara tambaya daga wurin da kowa ya sani.

Amfanin wannan ya fi fitowa a kan marar lafiya. Taswira irin ta Talairach, ko wadda cibiyar Montiriyal ta Kanada ta haɗa a farkon shekarun 1990 daga kawunan matasa 305 masu lafiya, tana gaya maka inda abu ya saba zama. Ƙari kuwa aikinsa ke nan ya tashi kowa daga inda ya saba zama. Idan ya kai girman lemun tsami, talamus na iya gusawa santimita guda ko fiye, taswirar ta nuna wuri, a je a tarar ba kowa. Abin da ɗaliban Bloch suka lura da shi shi ne, nisa yana sauyawa amma maƙwabtaka ba ta cika sauyawa ba. Mai wutsiya ko an ture shi yana nan manne da kogonsa, futamen yana nan ta waje. Kamar kasuwa ce aka matsa da ita saboda aikin titi: rumfuna sun gusa, amma mai albasa yana nan kusa da mai tattasai.

Tun daga 2015, da masu bincike a Freiburg ta Jamus suka fitar da tsarin U-Net, ƙirƙirarriyar basira ta karɓe yawancin wannan aiki. Ita ba a gaya mata wane ne maƙwabcin wane. Ana ba ta dubban hotunan da aka riga aka zana wa iyaka, ta tsinci dangantakar da kanta. Tana da sauri, kuma sau da yawa ta fi tsofaffin hanyoyin daidaito. Sai dai abin da ta gani shi ta sani. Masu bincike a Sin sun nuna tun 2010 cewa taswirar Montiriyal ba ta zauna daidai a kan mutanensu ba, don kawunansu sun fi gajarta daga goshi zuwa ƙeya kuma sun fi faɗi, suka haɗa tasu. Indiya ma ta yi tata. Mu a nan matsalar ta wuce siffar kai. Na'urorin MRI da ke asibitocinmu kaɗan ne, da yawansu masu ƙaramin ƙarfi, hotonsu bai kai na Boston tsabta ba. Ga tsadar hoton, ga nisan tafiya, ga zagayen da iyali kan yi wajen masu magani kafin a iso asibiti, don haka majinyacinmu yakan zo ne bayan ƙarin ya girma ya hargitsa unguwar gaba ɗaya. Manhajar da ta koyi aiki a kan ƙananan ƙari a hoto mai tsabta, ita ce za a miƙa wa wannan.

Akwai wata gasa ta duniya mai suna BraTS da aka fara a 2012, inda masu manhaja ke gwada gwanintarsu wajen zana iyakar ƙarin ƙwaƙwalwa. An yi shekara goma ana yinta da hotunan da kusan dukkansu daga asibitocin ƙasashe masu arziki suka fito. Sai a 2023 aka buɗe rukunin Afirka, da hotunan majinyata daga cibiyoyin Nijeriya, ta hannun masu bincike irin su Udunna Anazodo da Maruf Adewole, kuma a 2024 babban taron masana wannan fanni ya zauna a Marrakesh, karonsa na farko a nahiyar. Hotunan da aka tara ba su da yawa idan aka gwada da na sauran duniya. Kowane ɗaya sai da likitocin hoto suka zauna gaban kwamfuta suka bi shi yanki-yanki, suna gyara iyakar ƙarin da hannu, suna raba inda ya mutu a tsakiya da inda yake ci da inda kumburi ya kewaye shi, kafin a ba na'ura ta koya.